Goggon Ɗakin Rada, Mai Jin Gajiya a Murya

Kafin motar ma'aikata ta iso bakin layinsu, Goggo ta riga ta fito. Jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu, tabarau na lilo a ƙirjinta. Direban ya daɗe da daina danna mata hon, don bai taɓa samun dalili ba. Takan zauna a kujerar da ke bayansa, ta gyara mayafi, sannan ta ce, "Direba, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Goggo."

"Juyo in ga idonka."

Haka take yi wa kowa. Mu dai mun saba, in aka ce mana ina gajiya, baki ke amsawa da kansa tun jiki bai ce uffan ba. Ita kuwa tambaya take yi da gaske, kuma amsa take jira. In ta ga idon direba ya yi ja, sai ta tsiyaya masa shayi a murfin filas, ta ce ya shanye kafin ya ja mota, kowa ya jira. Ba a taɓa samun wanda ya yi mita a fili ba, ko da yake akwai masu satar kallon agogo.

A filin jirgin sama take aiki, amma ba a doguwar hasumiyar nan mai gilasai da matafiya ke hangowa ba. A ƙarƙashin hasumiyar akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar cikin firji, fitilunsa a rage, ba ka jin komai sai ƙananan muryoyi da gurnanin na'ura. Shi ne ɗakin rada. A gaban kowane ma'aikaci akwai allo cike da ɗige-ɗige masu rarrafe. Kowane ɗigo jirgi ne, kowane jirgi kuma cike yake da mutanen da ake jira a gida. Goggo ce ke karɓar jirgi tun yana nesa, ta faɗa wa matuƙi inda zai karkata da tsayin da zai sauko, ta jera su ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makaranta a layi, har ta ɗora kowanne a kan saitin titin sauka, sannan ta miƙa shi ga na saman hasumiya. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan aiki. A makon jiya ta ajiye shi, shi ya sa muka ga bai kamata ta tafi gida shiru ba.

Ranar da gari ya yi garau, aikin da sauƙi. Matuƙi na hango titi tun daga nesa, ya gangaro abinsa. Ranar da gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, ruwa na tsuga, a nan ake sanin ma'aikaci. Matuƙin ba ya ganin komai ta gilashin gabansa sai fari fat, kamar an naɗe jirgin a auduga. Idonsa ya koma kan na'urori: wannan na nuna masa tsayi, wannan gudu, waccan kuma ko ya kauce hagu ko dama. Da su zai yi ta saukowa a makance har ya kai wani tsayi da doka ta yanke. In ya kai nan ya ga fitilun titi, ya sauka. In bai gani ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake zagayowa. A 'yan mintocin nan ido ba ya zama wuri ɗaya, hannu na aiki, kunne na kan rediyo, baki na amsawa. Aiki ne na wanda ya ƙoshi da barci.

Abin da Goggo ta gano tun tana sabuwar hannu shi ne, gajiya ba ta fitowa a allon rada. Allo zai nuna maka tsayin jirgi da gudunsa. Ba zai gaya maka cewa mutumin da ke riƙe da shi tun kafin asuba yake kan ƙafa ba, ko cewa wannan ce saukarsa ta nawa a ranar. Amma murya ba ta iya rufa wa mai ita asiri. Ƙa'idar aikin ita ce, duk umarnin da ta ba matuƙi sai ya maimaita mata, don a tabbata ya ji daidai. A wannan maimaitawar take kama su. Wanda ya gaji yakan yi jinkirin amsawa. Yakan haɗiye ƙarshen magana. Yakan ce a sake faɗa masa abin da bai isa a manta ba. Wani kuma sai ya cika fara'a da rawar baki, irin ta mai son a ce lafiyarsa ƙalau. In ta ji haka ba ta ce masa komai, don duk jiragen da ke sama suna kan layin, ita kuwa ba ta kunyata mutum a gaban abokan aikinsa. Sai dai ta rage saurin maganarta, ta raba umarnin gida biyu, ta ba shi hanya mai faɗi, ta ƙura wa ɗigonsa ido fiye da na sauran.

Wannan ɗabi'a ta bi ta har gida. Maigidanta, mai gyaran firji da fanka, yakan ba da labarin yana dariya har da hawaye. In zai fita ta ce ya taho da albasa da sabulu da ƙwan fitila, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Maimaita."

"Haba ke kuwa, da furfurata?"

"Maimaita dai in ji."

"Albasa, ƙwan fitila, da... sukari."

"Ka ji ko? Da jirgi ne, da yanzu kana tsakiyar gonar wani."

A haka 'ya'yansu suka tashi. Autarsu, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta ce a ajinsu ba wanda ya kai ta iya karɓar umarnin likita, kuma ba a makaranta ta koya ba, a bakin murhun uwarta ne.

Labarin da ya sa sunan Goggo ya zaga bakin matuƙa, wanda ya gani da idonsa ne ya ba mu shi: abokin aikinta da ke zama a kujerar dama da ita, wanda kowa ke kira Dogo.

Da la'asar ce, a tsakiyar damina. Tun safe ake ruwa. Kwana ɗaya kafin nan tsawa ta lalata na'urar da ke jagorantar jirgi a kan gangaren sauka, injiniyoyi na kan gyara. Saboda haka dole matuƙa su riƙa saukowa mataki-mataki, suna dogara da ma'aunin tsayi na cikin jirgi. Shi kuwa wannan ma'auni da nauyin iska yake aiki. Mai rada ke ba matuƙi lambar nauyin iskar wurin, shi kuma ya murza ta a jikin ma'aunin. In ya murza ba daidai ba, ma'aunin zai yi masa ƙarya da fuska a sake, ya ce masa yana sama alhali ya yi ƙasa. A ƙarƙashin hanyar sauka ta wannan gefen kuwa akwai jerin tsaunuka.

Sai ga wani jirgin fasinja ya shigo hannunta, cike maƙil. Muryar kyaftin ɗin ta san ta shekara da shekaru, murya mai kauri, mai gaisuwa kafin aiki. A ranar babu gaisuwa. Ta ba shi lambar nauyin iska. Ya maimaita, amma ya juya lambobi biyu, ya sa na baya a gaba. Ta gyara masa. Aka yi ɗan shiru. Sannan ya maimaita daidai, a hankali, kamar mai magana da baki cike da tuwon jiya.

Dogo ya ce a nan ya ga ta ture kofin shayinta gefe, ta gyara zama. Ba ta dube shi ba ta ce, "Dogo, karɓar mini jiragen nan biyu na arewa. Ina da baƙo."

Ya karɓa. Da gefen ido yana kallon allonta. Jirgin ya hau saitin titi sumul, ya fara saukowa. Lambar tsayinsa na raguwa, ta kai inda ya kamata ta tsaya kafin a wuce tsaunuka, ba ta tsaya ba.

Goggo ta kira shi da muryarta ta kullum. Ta ce ya duba tsayinsa, ya yi ƙasa da yawa, ta sake ba shi lambar iska.

Shiru.

Lambar ta sake raguwa. Ɗigon ya fara ƙyaftawa da ja, ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka. Dogo ya ce duk shekarun da suka yi tare bai taɓa jin Goggo ta ɗaga murya ba, ko a kan wanda ya shanye mata shayi. A ranar ya ji.

"Daina sauka! Ƙara wuta, koma sama yanzu! Tsauni a gabanka!"

Shugaban sashe ya taso daga teburinsa ya tsaya a bayanta. Lambar ta ƙara raguwa sau ɗaya, ta tsaya cak, kamar mai shawara. Sai ta fara hawa. Wata murya ta daban ta shigo layin, ta mace, matashiya, numfashinta sama-sama.

"Muna hawa. Muna hawa."

Mataimakiyar kyaftin ce.

Abin da ya fi ba Dogo mamaki ba ihun ba ne. Abin da ya biyo baya ne. Goggo ta koma muryarta ta dā kamar ba abin da ya faru. Ta juya jirgin ta kai shi can inda sama ta yi sarari, ta tambaye su ko suna da isasshen mai, suka ce suna da shi. Ta ce, "To babu gaggawa. Ku yi ta zagaye a nan. Ku sake duba na'urorinku ɗaya bayan ɗaya. In kun shirya ku gaya mini, ina nan." Ba ta tambaye su me ya faru ba. Ba ta yi musu faɗa ba. Ta san mutanen da suka ga mutuwa yanzu-yanzu, kuma har yanzu suna da sauka a gabansu cikin gajimaren nan dai, ba tambaya suke bukata ba. Sai da suka ce sun shirya, ta dawo da su, tana ba su umarni ɗaya-ɗaya, tana jiran kowanne ya zauna kafin ta ƙara wani. Da wayar hasumiya ta yi ƙara aka ce jirgi ya taɓa ƙasa lafiya, sai ta cire abin jin maganar daga kunnenta, ta juya ga shugaban sashe.

"A karɓe ni. Ba zan riƙe jirgin kowa a haka ba."

Dogo ya same ta daga baya a kan benci a baranda, ta tuɓe takalma, tana shan ruwa. Ta tagar barandar ana hango fasinjojin jirgin suna fitowa, wani na nuna agogo yana faɗa da ma'aikaciyar ƙofa, wai an ɓata masa lokaci. Goggo ta bi shi da kallo, ta fashe da dariya, tana share ido da gefen mayafi.

"Dogo, dubi wancan. Allah Ya ƙara masa lafiyar yin faɗa."

Ke ce wadda ta ji abin da na'ura ba ta ji ba, Goggo. Ke ce kika san lokacin ɗaga murya da lokacin sauke ta. Waɗannan mutane sun ɗauki jakunkunansu sun watse cikin gari, wasu sun je biki, wasu asibiti, wasu sun je sun yi rigima da matansu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san akwai ki. Hakan kuma bai taɓa damunki ba.

Bayan kwana biyu aka buga ƙofar ɗakin hutun ma'aikata. Wani dattijo ne mai furfura a gefen kai, hular aiki a hannu, a bayansa wata matashiya cikin kayan matuƙa. Ya ce yana neman mai muryar ranar ruwa. Aka nuna masa wata 'yar ƙaramar mata a kan kujera, ƙafafunta ba sa ma kaiwa ƙasa sosai, tana tsoma biskit a shayi.

"Ke ce?" in ji shi. "Wallahi na ɗauka za ki kai ƙofar nan tsawo."

"Ni ce, Kyaftin. Muryar ce ta cinye tsawon. Zauna. Ina gajiya?"

Ya buɗe baki zai ba da amsar da aka saba, sai ya tsaya. Ya dubi hular hannunsa.

"Akwai gajiya, Goggo. Akwai ta sosai."

Sai ya kwance mata komai. Matarsa ta haifi tagwaye bayan dogon jira, ɗaya ya zo ba ƙarfi, yana kwance a kwalba a asibiti. Makon nan gaba ɗaya daga bakin gadon jariri yake wucewa jirgi, kuma duk tashin sassafe ne. Ranar ruwan ma ranar hutunsa ce, aka kira shi ya maye gurbin wani da ba shi da lafiya. Ya ce to, don tun da ya fara tuƙi bai taɓa cewa ba zai iya ba, kuma yana alfahari da hakan.

"Da kika gyara mini lambar, bakina ya maimaita daidai," in ji shi. "Hannuna bai taɓa ma'aunin ba. Na rantse miki na ɗauka na murza."

Matashiyar da ta biyo shi, wato mataimakiyarsa, ta karɓi zancen. Ta ce ita ma ba ta da wani barcin kirki a jikinta, kuma hankalinta na kan hadarin da ke gabansu, sai ta bar nata ma'aunin a kan lambar farko. "Kiranki na farko na ji shi kamar daga cikin rijiya. Na juya na dubi Kyaftin, idonsa a buɗe, ya ƙura wa na'ura ɗaya, amma ba ya nan. Na so in karɓi tuƙin, sai na ji nauyi. Shi ya koya mini aiki. Ihunki ne ya cire mini kunyar."

"Madalla da kika karɓa, 'yata," in ji Goggo. "Gobe kada ki jira ihun tsohuwa."

Kyaftin ya ce ya san za a yi zaman bincike, kuma ya san lasisinsa na lilo. Bai zo roƙon a rufa masa asiri ba, godiya kawai ya zo yi. Goggo ta ce masa ta riga ta rubuta abin da ya faru, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. "Amma zan je zaman," in ji ta. "Ina da abin da zan sa su ji."

Duk maganar da ake yi a rediyon aiki ana naɗar ta. Goggo ta nemi izini, ta zauna da mai kula da naɗe-naɗen a ranakun hutunta, suka tsamo muryoyin matuƙa iri-iri, ba suna, ba lambar jirgi. Ranar zama, da aka zo kanta, ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce wa kwamitin, "Ku ji wannan mutumin da safe." Aka ji murya tar, kamar ƙararrawa. "To ku ji shi da yamma, bayan ya yi ta hawa da sauka tun duhun asuba." Aka ji murya ɗaya, amma tana jan ƙafa, tana tuntuɓe a kan lambobi. Ta sa na biyu, ta sa na uku. Ana cikin na huɗu sai aka ji wata doguwar hamma ta cika ɗakin kafin mai ita ya maimaita umarni.

Shugaban kwamitin, tsohon matuƙi ne da bai daɗe da barin tuƙi ba, ya ɗaga hannu.

"Dakata. Sake sa wannan."

Aka sake. Ya cire tabarau, ya dafe goshi.

"Jama'a, wannan ni ne."

Ɗakin ya ɓarke da dariya, har da shi kansa. Goggo ta rantse ba ta san shi ba ne, kuma har yau akwai masu shakkar wannan rantsuwar. Da dariya ta lafa, ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da nake son faɗa ke nan. In kun kori Kyaftin, kun kori mutum ɗaya, gajiyar na nan a jirgi tana jiran na gaba. Sauran kuwa za su koyi darasi guda: su yi shiru."

Kwamitin ya saurara. An ba Kyaftin hutu, an sake horar da shi, ya koma bakin aikinsa. Kamfanin da yake yi wa aiki ya kafa ƙa'ida cewa matuƙin da ya ce ya gaji a sauke shi daga tafiyar, ba tuhuma, ba harara. An daina jera wa mutum tashin sassafe ba hutu a tsakani. An kuma shiga koya wa mataimaka cewa karɓar tuƙi daga hannun babba in ya sume a zaune ba rashin kunya ba ne, aikin da aka ɗauke su yi ke nan. Jaririn da ke kwalba ya yi ƙarfi ya fito. Yanzu shi da ɗan'uwansa sun isa makaranta, kuma an ce shi ya fi ƙiriniya. Mataimakiyar nan ta zama kyaftin da kanta, kuma waɗanda suka yi tafiya da ita sun ce kafin a rufe ƙofar jirgi takan dubi na kusa da ita ta ce, "In ka ga na tafi, karɓa. Ba sai ka nemi izini ba."

Goggo ba ta tsaya kan matuƙa ba. Ta ce mai kallon allo ma ɗan Adam ne. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda da aka cika da karyayyun kujeru da tsofaffin wayoyi. Ta bi shugaban sashe kamar bashi, har ya gaji ya ba ta mabuɗi.

"Ɗakin barci a wurin aiki, Goggo? Me za a ce da mu?"

"Za a ce muna da hankali. Ka fi so su yi barcin a gaban allo?"

Ita da Dogo suka share shi. Maigidanta ya zo ya ɗaura fanka, yana mitar an mayar da shi ma'aikacin filin jirgi ba albashi. Aka sa gado da labule mai kauri. Da farko ba mai shiga, kowa na tsoron a ce shi rago ne. Sai Goggo ta fara. Lokacin hutunta na yi za ta miƙe ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ni dai na gaji, zan je in ɗan runtsa," ta ja takalmanta ta tafi. Da samarin suka ga wadda ta fi su iya aiki tana faɗin haka ba tare da ƙasa ta tsage ba, sai suka bi sahu. Yau har layi ake yi, kuma shugaban sashen da kansa an taɓa jin munsharinsa ta ƙasan ƙofa, ko da yake ya ce fankar ce.

Goggo, ke ce kika cire wa kalmar "na gaji" kunya a wurin da kunyarta ke iya kashe mutane. Ba ki yi shi da wa'azi ba. Kin yi shi da murfin filas, da mabuɗin sito, da faɗin gaskiya a kan jikinki kafin ki nemi wani ya faɗa a kan nasa.

Ranar aikinta ta ƙarshe gari ya waye garau, ko ɗigon gajimare babu. Labari ya riga ya zaga, ba a san wanda ya kai shi ba, ko da yake Dogo ya ƙi haɗa ido da kowa. Jirgi na farko ya shigo, matuƙin ya maimaita umarni, sannan ya ƙara da cewa, "Allah Ya huta gajiya, Goggo." Na biyu ya ce sun gode. Na uku, wani baƙo daga ƙasa mai nisa da bai taɓa ganin ta ba, ya ce a kamfaninsu in aka ji muryarta a ranar hadari, hankali kan kwanta. Doka ta hana hira a layin aiki, Goggo kuwa ba ta wasa da doka.

"A rage surutu a layi," in ji ta. "Karkata dama, ka sauko."

Amma Dogo ya ga ta cire tabarau tana gogewa, ta mayar, ta sake cirewa.

Da rana aka taru a kantin cin abinci na ma'aikata. An jera lemo da kek. Injiniyoyi sun zo da rigunansu masu maiƙo, 'yan kwana-kwana sun zo, masu shara sun zo, matuƙan da ba su da tafiya sun cika gefe ɗaya. 'Ya'yanta da jikokinta sun kama teburin gaba. Aka ce ta yi jawabi. Ta miƙe, aka ce ba a ganin ta, wani ya kawo akwatin lemo ta hau.

"Ba ni da dogon zance," in ji ta. "Duk jirgin da aka ba ni na mayar. Alhamdu lillahi. Ku ci kek."

Shugaban sashe ya ce ba za ta sauka a haka ba, sai ta gaya wa jama'a abin da za ta yi da ritayarta. Kasuwanci? Koyarwa? An ce makarantar horar da ma'aikata na zawarcinta.

"Duk za a duba," in ji Goggo. "Amma gobe barci zan yi. Wanda ya tashe ni kafin rana ta take, ni da shi ne."

Maigidanta ya ɗaga hannu daga teburin gaba. "Ku shaida, agogon ƙararrawar nan na gefen gado na ba maƙwabci kyauta yau da safe. Shi ma ya ɗanɗana."

Aka yi ta tafi har akwatin lemon ya fara rawa, jikoki suka ruga suka riƙe ta.

Mun gode, Goggo. Mun gode a madadin waɗanda suka sauka lafiya suna mita, da waɗanda suka tarbe su a bakin ƙofa ba su san an yi wani abu ba. Mun gode a madadin matuƙan da kika rufa wa asiri a layi, kika kuma tsaya musu a gaban kwamiti. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Mu kuma da muka rage, ba sai muna da rada ba. Direban babbar mota, mai jinya, mai aikin injin, mai ɗora yara a bayan babur: duk wanda ran wani ke hannunsa, in jiki ya ce ya isa, ya faɗa, ya sauka, ya huta. Wanda kuma yake shugaba, in na ƙasa da shi ya zo ya ce ba zai iya ba yau, ya gode masa, don wataƙila wata jana'iza ce ya soke. In kuwa ka ji muryar abokin aikinka ta yi nauyi, ka matso kusa, ka rage masa kaya.

Ki yi barcinki, Goggo. Waɗanda kika koyar suna kan kujera, kuma idonsu biyu.